Yadda Na Hana Malam Ba da Haƙuri

Ranar da mata suka cika gida don yi mini gaisuwar rasuwar maigidana, duk wadda ta shigo sai ta ce, "Sai haƙuri." Ina amsawa, amma dariya ce take neman kuɓuce mini. Ba wadda za ta gane dalili, don haka na ja mayafi na sunkuyar da kai.

Malamin sakandare ne a wajen Mai'adua, kullum da safe yakan hau babur daga Daura. Kuma ɗan kawuna ne, taubashina, shi ya sa aure bai raba mu da tsokana ba.

Wata shekara aka tura shi kwas Kano, irin na malaman da ke nazarin halin ɗalibai suna sauraron damuwarsu. Jarrabawar rubutu ba ta ba shi wuya ba. A ta aiki ya faɗi. Malamar da ta zo makarantarsu jarraba shi ta zauna a gefe tana kallon yadda yake hira da wani ɗalibi, daga baya ta ce masa yaron bai gama buɗe baki ba ya ce ya yi haƙuri, ya bi shi da wa'azi. Ta ce za ta sake dawowa sau ɗaya. In ya kuma faɗuwa, wani za a ba wa aikin, shi ya koma ga allinsa. Ga shi abokan aikinsa sun riga sun laƙaba masa likitan tunani, suna jiran abin dariya.

Da ya ba ni labari na ce malamar ta yi masa adalci, domin ko akuya ta yi kuka a gidan nan haƙuri yake ba ta. Ya harare ni, sannan ya roƙe ni in riƙa zama masa ɗaliba yana gwaji. Na yarda, da sharaɗi: duk sanda kalmar haƙuri ta fito daga bakinsa kafin in gama magana, tsoka ɗaya ta bar kwanonsa ta dawo nawa.

Bayan la'asar muke zama a tsakar gida, shi a tabarma, ni a 'yar kujera. Yau ni ce yaron da ubansa ke son ya bar karatu ya riƙa kai kaya Kongolam, can bakin iyaka, a babur. Gobe ni ce yarinyar da aka sayar mata da tunkiya ba a tambaye ta ba. Nakan ja maganar da gangan, in yi shiru, in ja hanci. Da na ce "shi ke nan", yana ɗaukan na gama, sai ya sako kalmar, ni kuwa in ce ai da saura.

Da ya ga nama yana ƙare masa, ya koma dabara. Ya ce Allah ya kyauta. Ya ce haka duniya take. Ran nan har da Larabci ya ba ni haƙurin.

"Malam, ko da Turanci ka faɗa, tsokar tawa ce."

"Ke 'yar gwaggo, wannan ba koyarwa ba ce, fashi ne."

Mahaifiyarsa ta zo ta same shi yana cin tuwo da miya zalla, ta dube ni. Na ce mata karatu ne ya hana shi cin mai nauyi. Bai ƙaryata ni ba.

Ana saura kwana kaɗan malamar ta dawo, labarai suka ƙare mini. Sai na zama yarinyar da uwarta ta rasu, kuma duk sanda ta ɗauko zancenta a ce mata ta yi mata addu'a kawai. Na fara da wasa. Ban ankara ba na ji ina maganar yadda uwar take tsaga goro da farce ta ba kowa ɓari. Ya gane gwaggonsa nake nufi, marigayiya mahaifiyata. Na jira kalmar, ba ta zo ba. Can ya ce, "Sai me kuma kike tunawa?" Har aka kira magariba ni nake magana.

Ranar jarrabawa ya dawo da wuri, ya jingine babur, ya ce ya ci. Wata yarinya ce 'yar aji uku aka kawo masa, ta daɗe ba ta ce uffan ba, shi ma ya zauna, har ta faɗi abin da ke damunta.

Na matso na ce to, me ta ce? Ya ce wannan sirrin ɗaliba ne, kuma riƙe shi ma yana cikin abin da aka koya musu. Na tuna masa ni na horar da shi. Ya ce ya gode. Na yi fushin ƙarya, na yi lallashi, na turo ƙanwarsa ta bugi cikinsa, duk a banza. Shekara da shekaru yana wannan aiki, yara suna shiga ɗan ofishinsa suna fita, kuma har Allah ya karɓi abinsa ban ji sirrin ko ɗaya daga bakinsa ba.