'Yar Ƙofar Da Na Yanka Wa Mage A Makka

Na manta abubuwa da yawa na zamanmu a Makka, har sunayen wasu maƙwabtan da muka ci tuwo a kwano ɗaya sun ɓace mini. Amma ranar da na sa zarto a ƙofar mutane saboda mage, da abin da ya biyo baya, wannan kam har in koma ga Allah ba zai fita daga raina ba.

A farkon shekarun alif ɗari tara da sittin ne. Ni da mai ɗakina mun iso ta Chadi da Sudan, muka sauke farali, guzurin komawa ya ƙare, muka zauna. Ba mu da igama, wato takardar izinin zama, don haka ko tari ɗan sanda ya yi a bakin titi sai in nemi wurin ɓuya. Ni baduku ne tun daga gida. Nakan shimfiɗa buhu a gefen hanya a unguwar Mansur ina gyaran takalma da jakunkunan alhazai, ita kuma tana toya waina.

Ɗaki ɗaya muka kama a ƙasan wani tsohon gidan dutse. Mai gidan wata tsohuwar Balarabiya ce da mijinta ya rasu, tana zaune a sama ita kaɗai, ga ciwon gwiwa, ga faɗa. Hajiya muke ce mata. Ranar da ta ba mu makulli ta dafa ƙofar ɗakin, wani katako baƙi mai kauri, ta ce mijinta ne ya sayo ta daga Jidda aka ɗauko a raƙumi, kada ta ga ko ƙusa ɗaya a jikinta. Daga baya na ji cewa ɗanta ma'aikacin gwamnati ne. Shi ke nan, na ɗora mata tsoron duniya. In na ji sandarta a matakala sai in shige ɗaki in yi tsit, ƙato da ni, da gemuna.

Sai ga mage. Wata ja ce mai guntun kunne, ba tamu ba ce, ta liƙe wa mai ɗakina ne saboda ɗan abin da take jefa mata. Saura kwana shida Arfa ta haihu a cikin kwandon guntayen fatuna, 'ya'ya huɗu, idonsu a rufe. Mu kuwa mun riga mun karɓi aiki wurin wani mai ciyar da alhazai, za mu yi kwanaki tsakanin Arfa da Mina. Ni kuma na ƙudurta zan ɗaura harami in yi wa mahaifina marigayi aikin Hajji a wannan shekarar.

To, yaya za a yi da mage? Mu bar ɗaki a buɗe, duk abin da muka mallaka yana ciki, har da takalman mutane da aka ba ni ajiya. Mu kulle ta ciki, wa bai san labarin matar da ta shiga wuta saboda ta tsare kyanwa ba? Balle a garin da ko ciyawa ba a cira. Sau biyu ina kwashe 'ya'yan ina kai su soro, sau biyu tana ɗauko su ɗaya bayan ɗaya tana mayar da su kwando, tana kallona kamar ni ne baƙo a ɗakin.

Mai ɗakina ta ce, "Malam, ka hau sama ka ba Hajiya makulli mana. Ai ba za ta Arfa ba. Ta riƙa buɗe mata."

Na ce, "Ke dai ba ki da tunani. Ta shigo ta ga mage, ta ga fatu, ta fara tambayar takarda? Ki bar ni da dabarata."

"Wace dabara?"

"Za ki gani."

Ta gani kuwa. Na aro siririn zarto wurin wani kafinta ɗan ƙasarmu, na jira hantsi lokacin da masu tallan ruwa da jakunansu suke cika layin da hayaniya. Na huda ƙasan ƙofar da jan ƙarfe wuri huɗu, na zura zarto. Kai, katakon nan ya ba ni wuya! Ina ja ina tsayawa ina kasa kunne, zufa tana shiga mini ido, mai ɗakina tana tsaye a gindin matakala tana daka a turmi ba komai a ciki, don kawai ta rufe ƙarar. Duk sanda aka motsa kujera a sama sai zarton ya nemi faɗuwa daga hannuna. Kafin azahar na fitar da kafa, faɗinta taƙi ɗaya, tsawonta taƙi ɗaya.

Saura marfi, don kada ɓeraye su shiga, kuma don kada Hajiya ta ga ɓarnar. Nan ne nake ganin an zo fagena. Mu dukawa, in za mu yi wa jaka marfi, kullum sai ya fi bakin faɗi, ya sauko ta waje ya lulluɓe shi. Haka aka koya mini, haka hannuna ya saba. Na yanko ƙirgin bijimi mai kauri, na ƙara masa yatsa biyu ta kowane gefe, na rina shi baƙi ya saje da katakon, na ɗinke ɗan guntun ƙarfe a bakinsa na ƙasa don kada iska ta ɗaga shi. Na kafa shi ta waje da ƙusa uku. In ba ka durƙusa ba, ba za ka ce an taɓa ƙofar ba. Na kamo magen, na tura ta daga ciki, ta bangaje fatar da kai ta fice sumul. Na dubi mai ɗakina na ce, "To, wa ya fi wani tunani?" Washegari da safe muka ajiye ruwa a kasko, na danna kwaɗo, muka tafi.

Ranar Arfa, bayan azahar, ina zaune a inuwar tanti da haramina, wani dattijo ya kawo mini jakar fata igiyar marfinta ta tsinke. Na ɗinke. Sai na yi abin da nake yi wa kowace jaka kafin in miƙa ta, na danna marfin da babban yatsa daga waje in ga ko ya zauna. Ya zauna daram, bai shiga ciki ba, don bakin jakar ya tare shi. Na sake dannawa. Na sake. Wallahi sai na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi a tsakar ranar nan.

Ban san yadda na isa wurin tukwane ba. Na ce wa mai ɗakina, "Ke, zo. Magen nan, ta ina muka gwada ta?"

"Ta ciki ka turo ta, Malam."

"Da ta dawo fa?"

Ludayi a hannu, ta ce, "Ta babbar ƙofa ta shigo. A buɗe take, muna haɗa kaya." Sai ta zauna a ƙasa ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ta fita ba za ta iya komawa ba."

Ba ta ce mini ai na gaya maka ba. Da ma ta faɗa, da na samu wanda zan yi wa faɗa in ji sauƙi.

Ban taɓa ganin yini mai tsawon wannan ba. Jama'a sun ɗaga hannu suna kuka suna roƙon gafara, ni na ɗaga nawa, in fara addu'a ga mahaifina sai in ga kwandon nan a ɗaki mai zafi, da bakuna huɗu a buɗe. In zauna, in miƙe, in sake zama. Na je wurin da manyan motoci suke tsayawa na roƙi wani direban tankar ruwa, ya dube ni ya ce ba motar da za ta gari kafin rana ta faɗi, ko uwarsa ce ke naƙuda. Sau uku ina takawa har alamar iyakar Arfa, in tsaya da ƙafa ɗaya a gaba. In na tsallaka kafin faɗuwar rana na taɓa Hajjin mahaifina. In na tsaya, ga rayuka huɗu a wuyana, a ranar da ake yafe wa kowa. Sau uku ina juyowa. Na dubi ranar nan har idona ya yi ja, ta ƙi gusawa.

Yadda muka kwana a Muzdalifa ba zan iya ba da labari ba, don ban san me na yi ba. Da gari ya waye na yi jifa a Mina, na bar mai ɗakina da matan da suke aiki tare, na kama hanyar Makka da ƙafa, ko aski ban tsaya yi ba. A hanya igiyar takalmina ta tsinke, ni baduku, ba basilla ba zare. Na riƙe shi a hannu na ci gaba, ƙasa tana gasa mini tafin ƙafa.

Ina shiga soro na yi turus. Hajiya ce zaune a 'yar kujera daidai ƙofar ɗakinmu, mafici a hannu ɗaya, ɗaya hannun an ɗaure shi da tsumma. Fatar tana yashe a gefe, duk farce ya kakkarce ta. Kafar da na yanka ga ta nan a fili, gefenta fari tas, kowa ya gani. Kusa da ita kwanon ruwa da ɗan faranti.

Ta ce, "Ya hajji, buɗe."

Na buɗe. Magen tana kwance a kwando, 'ya'ya suna tsotso. Na ƙirga. Na sake ƙirgawa. Uku.

Hajiya ta ba ni labari da Larabcinta, a hankali don in gane. Ta ce tun ranar da muka tafi take jin kukan mage, ta ɗauka faɗan maguna ne. Sai jiya, ranar da maza suke Arfa matan gari suke tafiya Harami, ta lallaɓo ta sauko za ta bi maƙwabta. Ta tarar da magen tana kartar fatar nan, farcenta har jini. Ta fasa tafiya. Ta durƙusa a kan gwiwoyin nan nata, ta ɓanɓare ƙusoshina da wuƙar girki, wuƙar ta yanke ta. Magen ta shiga. Can ta fito da ɗaya a baki, ta ajiye mata a gabanta, ya riga ya sandare. Ita Hajiya ta binne shi a bayan gida.

Na durƙusa na fara ba ta haƙuri a kan ƙofa. Ta ɗaga mini mafici.

"Ƙofa kam ka ɓata ta, Allah ya gani ka ɓata ta, kuma na yi kuka. Amma tambaya ɗaya zan yi maka. Matakala goma sha bakwai ce tsakanina da ku. Me ya hana ka kawo mini makulli?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Tsoro, Hajiya."

"Tsoron me? Igama? Ya waladi, ɗana, tun ranar da kuka zo na san ba ku da ita. Wa ke da ita a layin nan?"

A nan na fashe da kuka, da haramina da takalmi ɗaya a hannu. Hawayen da suka ƙi zuwa mini a Arfa, a soron nan suka zo.

Ba ta kore mu ba. Bayan salla ta sa na kira kafintan nan ya goge bakin kafar, ta zauna da sandarta tana nuna mini yadda zan yi. Fata mai laushi, wadda ba ta kai faɗin kafar ba, a rataye a tsakiya tana lilo gaba da baya. Ta sa na tura magen ta ciki, ta sa na fita na turo ta ta waje, har sau biyar, magen tana hura mini hanci. Mun ƙara shekara shida a ɗakin nan, kuma duk shekara in za mu Arfa, a hannunta nake barin makulli.

Tun daga ranar, ba na sakin aiki sai na gwada shi ta ciki da ta waje. Amma wannan ƙaramin darasi ne. Babban shi ne, ba ƙirgi ne ya kashe ɗan magen nan ba, tsorona ne. Na zaɓi in yi yini ina yanka ƙofar baiwar Allah a ɓoye, a kan in hau matakala goma sha bakwai in yi mata sallama. Yau in na ga wani yana ta kewaye-kewaye don kada ya je ya tambayi mutum, nakan ce masa ya tashi ya je, iyakarta a ce masa a'a. Ni ban je ba, kuma har gobe in na ga mage da 'ya'ya sai na tsaya na ƙirga su.