Ɓarakar da Ƙanena Ya Sayar

Ƙanena ne ya gano ɓarakar. Yana aikin kwamfuta a Tambuwal, ni ina koyarwa, haya ɗaya muke zaune. Ɓarakar tana cikin wata manhajar waya ce da 'yan hatsi da masu dabbobi ke ajiyar kuɗi a ciki, har da Babanmu a Kebbe. Ya ce duk wanda ya san kan abin zai iya kwashe ajiyar mutum ba tare da lambar sirri ba.

Na ce, "To ka gaya wa masu ita mana!"

Ashe ya riga ya sayar. Wani kamfani ne ya sayi sirrin, ya sa shi rantsuwar yin shiru har sai sun yi wa hanyar toshewar rajistar mallaka, don kowa ya zo gyara ya biya su. Kafin nan ƙofa tana buɗe.

Raina ya ɓaci, wallahi. A gidanmu in ka ga ɓera ya huda rumbun maƙwabci, ko tuwo kake ci ajiyewa kake ka je ka faɗa. Na kasa zama, na kasa koyarwa. Alli a hannu, hankalina yana kan kuɗin shanun Baba. Kullum sai na tsare shi: "Malam mai rantsuwa, an toshe?" Ya ce, "Yaya, haƙuri dai."

Haƙurin ya ƙare ranar wata Juma'a. Na tasa shi gaba muka hau babur ɗin kabu-kabu zuwa Kebbe, ramukan hanya na jijjiga mu, ina ta masifa a bayansa. Da isarmu ƙanena ya sa Baba ya fitar da ajiyarsa, sannan ya karɓi wayar ya goge manhajar.

Baba ya ce, "Mi ya faru?"

"Na yi rantsuwa, Baba, ba ni iya hwaɗi."

Baba ya miƙe. Bai sake tambaya ba. Ya jawo takalmansa, ya ɗauki sanda.

Na ce, "Baba, ina za ka da ranag ga?"

"Kun hid da nau. Na maƙwabta hwa? Ni ban yi ma kowa rantsuwa ba."

Muna tsaye muka ji sallamarsa a zauren gidan farko. Ƙanena ya zauna a dakali, ya rufe fuska da hula.