Ranar da Malama Lai'atu Ta Gayyato Iyaye

Malama Lai'atu ba 'yar Kutama ba ce. Daga kudancin Kaduna mijinta Baƙo ya zo da ita tana amarya, lokacin da ya buɗe shagon kayan babur a Gwarzo. Baƙo ya rasu, 'ya'ya sun kama gabansu, ita kuwa ta zauna, tana koyarwa a wata firamare a Kutama. Kullum da safe ɗan acaba ke kai ta, tana riƙe da jaka da hannu ɗaya, ɗayan kuma a kan gwiwar da ke damun ta.

A makarantar, da Hausa ake fara wa yara karatu. Suna shiga aji huɗu sai komai ya koma Turanci, har lissafi. A nan ake zubar da yara da yawa. Za ka ga yaro mai kai, ya san dabbobin gidansu ɗaya bayan ɗaya, amma ya zauna yana kallon allo kamar bango. Da wata ƙungiya ta kawo ajin taimako, na koyon Turanci bayan an tashi, babu malamin da ya yarda ya zauna har la'asar. Malama Lai'atu ce ta karɓa, don ba mai jiran ta a gida.

Aiki ne mai cin rai. Yara na hamma, yunwa na damun su, rana ta dafa kwanon rufi. Littattafan cike suke da hoton jirgin ƙasa da 'ya'yan itacen da ba wanda ya taɓa gani, sai ta ajiye su ta riƙa zana akuya da ƙwarya da zangarniyar dawa. Wata rana ta zo da gyaɗa, wata rana ba ta da ita. Iyaye kuma suna ƙorafi, don lokacin kiwo ajin yake ci. Baba Sajo, dattijon da ake jin maganarsa a unguwar, in ya haɗu da ita sai sun gama gaisuwa tsaf, gida da gajiya da ruwa, sannan ya ce, “Malama, Turancin nan naku, awaki sun fara jin sa kuwa? Don mai kiwonsu tana wurinki.”

Autarsa yake nufi, Zinnira, wadda ta fi kowa kama karatun.

Da shekara ta zo ƙarshe, hedimasta ya ce za a turo mutum ya saurari yaran da kunnensa. In ba su yi magana ba, za a ɗauke ajin a kai wata makaranta can wajen Kabo. Malama ta yi ta juya abin a ranta, sai ta ga dabara. Ta bi gida gida ta gayyato iyaye. A ganinta, in uba ya ji ɗansa na Turanci gaban baƙo, ƙorafin kiwo ya ƙare.

Suka kuwa zo. Maza suka shimfiɗa tabarmi a bayan aji, mata suka tsaya ta taga. Baƙon wani matashi ne, Malam Sharfaddeen, tambayoyinsa na cikin waya. Ya fara da Zinnira. Ya tambaye ta sunanta da Turanci, ta amsa. Ya tambayi ajinsu, ta amsa, har mata suka fara taɓa juna. Sai ya tambaye ta sunan mahaifinta.

Yarinya ta sunkuyar da kai. Ya maimaita a hankali. Ta ja hijabi ta rufe baki. Ya wuce wurin na gaba, shi ma da aka zo nan sai ya kama wasa da yatsun ƙafa. Na bayansa haka.

Nan take Malama ta gane. Shekarunta nawa a ƙasar nan, ta san ɗa ba ya kama sunan ubansa, balle uban na zaune yana ji. Ranar da ta koyar da wannan darasi ma da ƙyar suka faɗa, ƙasa ƙasa, suna dariya, alhali ba babba ko ɗaya a wurin. Ita da kanta ta ɗebo iyayen ta zaunar a bayansu.

Malam Sharfaddeen ya matso ya rage murya. “Mama, na gane. Ni ma ba na kiran tsohona da suna. Amma ba ni na tsara tambayoyin ba, kuma wayar ba ta wucewa sai na danna ya amsa ko bai amsa ba. Daga nan kuma sunan uwa za a tambaya.”

Malama ta waiwaya bayan aji. Ba ta da bakin korar dattawan da ta gayyato. Tana tsaye sai Baba Sajo ya yafito ta. Ta je ta durƙusa, gwiwar na ƙara.

“Me ya tambaye ta, ta yi shiru?”

“Sunanka, Baba.”

Ya dubi bayan 'yarsa, ya daɗe. Sannan ya laluba sandarsa ya miƙe.

“Jama'a, hadari ya haɗo, dabbobi na waje. Mu je.”

Sama fes take, ko gajimare babu. Wani ya buɗe baki zai yi magana, Baba Sajo ya ce, “Kai ma ka gan shi, tashi.” Suka naɗe tabarmi. Matan taga suka janye, ɗaya daga cikinsu, Inna Yelwa, tana mita, wai ta bar dakanta a banza.

Aka sake daga farko. Zinnira ta leƙa taga, ta leƙa ƙofa, sannan ta faɗa, da muryar da sai da baƙon ya kara kunne. Sauran suka bi. Wasu sun yi tuntuɓe a gaba, amma yawanci sun kai ƙarshe. Da baƙon zai tafi ya ce wa hedimasta, a abin da ya ji, ajin zai zauna.

Malama ta fito tana jan ƙafa, ta tarar da Baba Sajo a gindin dalbejiya bakin hanya, shi kaɗai.

“Ta faɗa?”

“Ta faɗa, Baba. An bar mana ajin.”

“To, madalla. Kada ki gaya min yadda ta faɗa.” Ya gyara zama. “Mu dai ba mu ji Turancin da aka kira mu ji ba.”

“Ba ku ji ba.”

“Gobe ma sai la'asar za ki sako ta?”

“Sai la'asar.”

Ya girgiza kai, ya ce shi zai kora awakin. Ɗan acaba ya iso, Malama ta ɗaga ƙafar da hannu biyu ta hau, ta ce masa ya bi a hankali.