Ƙwarya Ɗaya ta Beasum

Beasum ya yi shekara talatin da ɗaya yana awon auduga a Mundu, kuma a iya sanina ba a taɓa kama shi da ƙari ko ragi ba, ko da na damƙi ɗaya. Da ya yi ritaya sai ya sayi kujera mai jingina, ya ci gaba da zuwa rumfar Mama Solkem kullum da la'asar kamar kowane mutumin kirki.

Mu takwas ne a bencin da ke ƙarƙashin mangwaron. Tsarinmu ba shi da wuya. Duk wanda ya iso sai ya sa a kawo tukunyar burkutu, Mama Solkem ta fara kurɓa a gaban kowa don a ga babu komai a ciki, sannan ƙwarya ta zagaya. In ta zo hannunka sai ka shanye. Wanda ya mayar da ita da saura, ya ce ke nan akwai wanda yake zargi a bencin. Mutum takwas, tukunya takwas, kuma ba a taɓa kiran ɗayanmu mashayi ba. Ngarlem, tsohon direban babbar mota, sau biyu ana tsamo shi daga kwata, amma duka biyun cikin mutane ya sha, saboda haka abin da aka ce shi ne hanyar unguwarmu ta lalace.

Shekara biyu da ritayarsa ƙafafun Beasum suka fara kumbura. Likita ya duba idonsa, ya danna masa ciki, ya ce hanta ce, ya daina sha gaba ɗaya. Beasum ya ce a bar masa ƙwarya uku. Likita ya ce ko ɗaya. Suka yi ta ja kamar masu cinikin akuya, ga layi a waje, har likitan ya gaji ya ce to ɗaya, bayan cin abinci, in ya ƙara babu ruwansa.

Da ya kawo mana labarin, Ngarlem ya saurara da kyau.

"Ƙwarya ɗaya ya ce, ko? Ya faɗi girmanta?"

"Bai faɗa ba."

"Shi ke nan. Mama, ɗauko wa tsohon nan masakin da kike wanke dawa!"

Aka yi dariya, Beasum ma ya yi. Ya sha ta farko. Da ta biyu ta zo, daga tukunyar Ngarlem, sai ya ɗaga hannu.

Ngarlem ya ajiye ƙwaryar a hankali. "Ɗan'uwa, tun ba mu san wando ba muke cin tuwo a akushi ɗaya. Yau ni ne zan sa maka wani abu?"

Beasum ya karɓa. Tunda ya karɓi ta Ngarlem kuwa, babu dalilin da zai ƙi tawa, ko ta sauran biyar ɗin.

Daga ranar ya daina zuwa. Matarsa Denemaji ita take sayo masa a gorar roba in ta dawo daga kasuwa, ta tura ta ƙarƙashin kifi a kwando, don ita mace ce mai kunya. Beasum ya ɗauki ƙusa ya ja layi a cikin ƙwaryarsa. Bayan tuwon rana sai ya kai kujerarsa bayan ɗaki, gindin gwaba, ya zuba daidai layin, ya sha cikin natsuwa, ya wanke ƙwaryar ya kife. Wata takwas yana haka. Kumburin ya saɓe, takalminsa na zuwa coci ya sake shigarsa, har ana ganinsa da safe yana takawa zuwa bakin kogi.

Mu kuwa mun damu ƙwarai. Mun tattauna maganarsa sau da yawa, yawanci wajen tukunya ta biyar, kuma hujjojin sun fito fili. Mai sha cikin mutane, mutane yake so. Mai sha shi kaɗai, giyar yake so. Sannan me ya kawo ɓoyewa a ƙarƙashin kifi? Wa ya ga cewa ɗaya ce? Mutumin da ya juya wa duniya baya ya fuskanci bishiyar gwaba, ai abin ya yi nisa. Ni ma ina wurin, kuma ban ga inda lissafin ya karkace ba. Kafin damina ta wuce, unguwa ta san Beasum ya zama mashayi.

Da a nan abin ya tsaya, da sauƙi. Amma ɗansa Jimasde, malamin firamare, yana neman Remaji 'yar katikis, mai koyar da addini a coci, an riga an kai gaisuwar farko. Sai aka ji shiru daga can. Da shirun ya yi tsawo, kawun yarinyar, Majitolum, ya zo da kansa. Da alama ya biyo ta rumfar burkutun wani abokinsa tukuna, don ya ɗan jima yana neman bakin ƙofar. Beasum ya aika aka kira ni in zama shaida.

"Suruki," in ji Majitolum bayan gaisuwa, "yaronku ba shi da aibu. Amma 'yarmu gida za ta shiga, ba yaro kaɗai ba. Muna jin maganganu."

"Wace magana, Kawu?"

"An ce kai kaɗai kake yi yanzu."

Beasum ya tashi ya ɗauko ƙwaryar, ya nuna masa. "Ga iyakata. Sau ɗaya a rana."

Majitolum ya karkata ta wajen haske, ya bi layin da ɗan yatsa, ya dube ni, ya girgiza kai.

"Har layi ka ja mata? Suruki, abin ya kai nan? Mu da muke sha don zumunci, wallahi ko sau ɗaya ba mu taɓa aunawa ba."

"Likita ne ya ce. Hantata ce."

"To me ya ci hantar?"

Beasum ya ce, "In haka ne, daga yau na bari gaba ɗaya. Ka je ka gaya wa katikis."

"Ka ji irin abin da ake faɗa ke nan. Wanda abu bai fi ƙarfinsa ba, me zai sa ya gudu?"

"To yaya kuke so in yi?"

"Ba mu ce ka yi komai ba. Ka dai fito cikin mutane a riƙa ganinka. Shi ke nan fa."

Bayan tafiyarsa Denemaji ta ce su je su bi wani gidan, 'yan mata ba su ƙare a Mundu ba. Jimasde yaro ne mai ladabi. Ya dai daina cin abinci a gida, in ya gaishe da ubansa kuma sai ya dubi ƙasa. Beasum ya jure sati uku.

Ranar wata Alhamis muka ga ya shigo rumfa da rigarsa ta guga. Ngarlem ya miƙe ya rungume shi, har da ƙwalla.

"Ɓatacce ya dawo! Mama, tukunya biyu, ta farkon tawa ce!"

Beasum ya sha duka abin da ya zo hannunsa, bai rage ko kurɓi ba. Labari ya kai gidan katikis kafin Lahadi. An ɗaura auren bayan girbi, kuma a wurin biki Majitolum ya yi jawabi mai daɗi, ya gode wa Allah da ya warkar da surukinsu, ya gode wa abokansa da ba su yashe shi ba. Mun tashi tsaye an tafa mana.

Ana iya cewa me zai hana Beasum ya koma bayan ɗaki yanzu, tunda an yi auren. Ya yi tunanin haka, ya gaya mini. Amma Remaji a gidan take zaune, mahaifiyarta na zuwa duk Asabar, sannan akwai ƙannen Jimasde biyu da ba su yi aure ba. Asibiti kuwa bai koma ba. Ya ce ba ya son ɓata wa likitan lokaci, tunda ya san tambayar, ya kuma san amsar.

Yanzu silifa yake sawa, ita ma ya yanke mata gefe. Yakan huta sau biyu tsakanin gidansa da rumfa. Sunansa ya gyaru sarai, har an sa shi cikin dattawan da ke sasanta rigimar ma'aurata a unguwa.

Shekaranjiya Denemaji ta biyo ta wurin da kwandonta a ka. Ta tsaya a tsallaken hanya tana kallon mijinta, ƙwarya na hannunsa, ta huɗu ce ko ta biyar. Ngarlem ya hango ta.

"Uwargida, ki kwantar da hankalinki! Yana hannunmu!"

"Na gani," in ji ta.