Takalmin da ke Jiran Ɗan'uwansa

Shekara da shekaru, da hantsi za ka same shi a rumfarsa, basilla a hannu, tabarau ya zamo masa kan hanci. Shumeka muke ce masa, babba da yaro. Ka duba rumfar kaf, ba za ka ga gwangwanin sholisho ba. Komai da zare yake ɗinkewa, ko da aikin zai cinye masa yini, domin ya san su wa ke zama a bencinsa, ya kuma san abin da warin nan ke tuna musu. Shi ma ya shaƙa a ƙuruciyarsa, ya yi sata, ya kwana gidan yari.

Yakan ce wanda shaye-shaye ya kama, takalminsa yake fara sayarwa. Saboda haka ƙafa yake kallo, ba fuska ba. In ya ga mutum ba takalmi, sai ya kira shi, ya gwada shi, ya ɗinka masa ƙafa ɗaya ya rataye. Ɗayar kuwa, mai ita ne zai zauna ya ɗinka da hannunsa.

Dogo direba, wanda a da uwarsa ke kulle ɗaki in ta ji tafiyarsa, ya ba ni labarin tasa ranar.

"Na ce, Baba, ɗingishi zan riƙa yi da ƙafa ɗaya? Ya ce, ai da ma ɗingishin kake yi, ɗana, zauna."

Hannun Dogo rawa yake yi, ɗinkin ya karkace, aka warware, aka sake. Kafin takalmin ya kammala, rawar ta tafi. Irinsa suna da yawa yau: akwai tela, akwai mai gadi, akwai wanda ya aurar da 'ya.

Amma a ƙusar da ke bayan kujerarsa akwai ƙafa ɗaya da ta daɗe a rataye. Ta ɗansa ce, na fari. Shi ma shaye-shaye ya kama shi; yaron ya fara ɗinka ɗayar, ya ce zai je ya dawo. Shekaru ke nan. Kullum Shumeka sai ya sauko da ita ya goge. Ya taɓa ce mini, "Malam, tsorona kada ya zo ya wuce ban gane ƙafarsa ba."

Yanzu ido ya yi rauni, zare ba ya shiga masa, ya miƙa rumfar ga ɗaya daga cikin waɗanda ya zaunar. Sharaɗinsa guda: kada a taɓa ƙusar nan.

Shumeka, kai ne ka mayar wa iyaye da 'ya'yansu alhali naka bai dawo ba, ba ka kuma taɓa yi musu ƙyashi ba. Mun gode, Baba. Allah ya saka maka, ya sanyaya zuciyarka.

Mu kuma, mu koyi duba ƙafar mutum kafin mu yanke masa hukunci. Wanda kuma ya san inda ɗan nan yake, ya gaya masa ba a neman bayani daga gare shi. Zaren yana nan inda ya bar shi.