Manhajar da Yaya Ta Bari a Sahu

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da hantsi, mijinki ya aiko mana da saƙo cewa Allah Ya karɓi abinSa. Daga gare Shi muke, kuma can dukkanmu muka nufa.

Yaya, shekara tara kina riƙe da rumbun manhajoji na sa-kai na tsarin kwamfutar nan da jama'a suka gina kyauta. Babban rumbu yana da kwamiti da hatimi. Namu kuwa na gefe ne, kowa na iya kawo manhajarsa, kuma dubban mutanen da ba su taɓa ganin fuskarki ba suna saukewa ido rufe. Doka ɗaya kika kafa: babu manhajar da za ta shiga sai mutum biyu sun karanta ta layi-layi, ban da mai ita. In an ga kuskure, a mayar masa ya gyara da hannunsa.

Mun yi ƙorafi har muka gaji. Tawa ta farko sau shida kika dawo mini da ita, har na laƙaba miki Mai Jan Biro. Na same ki a ɗakin nan naki mai tsohuwar fanka, na ce, "Haba Yaya, ai layi ɗaya ne." Kika ce, "Ƙanena, layi ɗayan nan kwamfutar wani asibiti zai shiga, ba taka ba."

Abin da har yau yake ɗaure mini kai a jinyarki ya faru. Makullin rumbun yana hannunki. Da kin so, dannawa ɗaya ta ishe ki ki shigar da taki manhajar ba tare da an karanta ba. Amma daga kan gado kika miƙa shi ga mutum uku da zaurenmu na 'yan sa-kai ya zaɓa, kika soke naki ikon, sannan kika aiko da manhajarki ta ƙarshe ta bi sahu kamar ta kowa. Ita ce ta goma sha ɗaya, kuma kika hana a tsallake da ita.

Jiya aka zo kanta, ni ne mai karatu na biyu. Yaya, na ga kuskure a layi na arba'in. Wasu suka ce in gyara shiru in wuce da ita, don girmanki. Na daɗe ina kallon allon. Daga ƙarshe na rubuta kuskuren a fili, na mayar wa mai ita. In kwana talatin suka cika babu amsa, tsarin da kika bari ya ce wani ya ɗauki riƙonta. Na riga na sa sunana.

Allah Ya ba mijinki, 'ya'yanki biyu da mahaifiyarki haƙurin wannan rashi. Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya duba littafinki da rahama, kada Ya dawo miki da ko layi ɗaya.