Kunnuwan Shanunmu

Bayan samun mulkin kai, gwamnatin Jihar Arewa ta turo malaman dabbobi garinmu Kebbe su yi wa shanu allurar bushiya, annobar da ke share garke. Babanmu ya yi tsalle ya dire. Ba allurar ce ta dame shi ba. Duk saniyar da aka yi wa, sai a ɗan yanke mata kunne don shaida, mu kuwa a wurinmu mai saniya kaɗai ke yi mata wannan, don a san tasa ce.

"Gwamnati ta gaje ni ina raye ke nan!" in ji shi. "Lafiyarsu lau, maganin mi?"

Sai kakata, mahaifiyarsa, ta miƙe. Ta ɗauki sanda ta kora shanun da kanta har wurin allura, muna biye muna dariya, baba na baya yana sababi. Har na tsufa ban ga annobar bushiya ba.

Kakata kuwa ta gan ta tana yarinya. Da muka dawo ta dubi baba ta ce, "Shanun ubana da kunnuwansu cikakku ungulu ta cinye su."